Ina Ilimi Yake: Cikin Katin ko Cikin Jerinsa?

Katin rubuta bayani 'yar takarda ce mai kauri, galibi inci 3 a tsaye inci 5 a kwance, wadda ake rubuta magana ɗaya tak a kanta. Abin da ya raba shi da littafin rubutu shi ne ba a ɗinke shi da ɗan'uwansa ba. Ana iya cire shi daga tsakiya a kai shi gaba, a haɗa shi da wanda bai taɓa maƙwabtaka da shi ba, ko a ajiye shi gefe har sai an gano inda ya dace. Yau ɗalibai da marubuta da yawa suna neman manhaja mai sauƙi da za ta yi musu wannan aiki a kwamfuta ko a waya. A ƙarƙashin wannan nema akwai tsohuwar tambaya ta falsafa: idan an sauya jerin bayanai ba tare da an ƙara ko kalma ɗaya ba, an sami sabon ilimi ne, ko tsohon ne aka sauya wa mazauni?

Malaman hadisi sun fuskanci tambayar tun kafin a san kati. Imamu Ahmad ɗan Hambali, wanda ya rasu a 855, ya jera Musnadinsa bisa sunayen Sahabbai, wato duk abin da Sahabi ɗaya ya ruwaito yana wuri ɗaya, ko na salla ne ko na ciniki. Imamu Buhari, wanda ya rasu a 870, ya jera Sahihinsa bisa babi-babi. Yakan ɗauki hadisi ɗaya ya kawo shi a wurare da dama, wani lokaci ya yanko ɓangaren da ya shafi babin kawai. Hadisin niyya ya zo a wuri 7 a littafinsa. Idan aka ƙirga da maimaici, hadisan Sahihin sun haura 7,000, idan kuwa aka cire maimaicin sai su koma kimanin 2,600. Wannan maimaici aiki ne na hankali, domin ajiye hadisi a ƙarƙashin wani take hukunci ne a kan abin da hadisin yake nunawa. Shi ya sa malamai suka daɗe suna neman fiƙihun Buhari a cikin taken babukansa, har aka rubuta littattafai na musamman a kan dangantakar take da hadisin da ke ƙarƙashinsa. A ƙarni na 20 kuma Shehu Ahmad al-Banna as-Sa'ati na Masar ya sake jera Musnadin Ahmad bisa babukan fiƙihu a littafinsa Al-Fathur Rabbani. Ruwayoyin su ne dai na da, amma mai neman hukuncin alwala ya sami ƙofar da a da sai ya sha wuya kafin ya same ta.

A ƙasar Hausa ma littattafan da aka rubuta da hannu ba a cika ɗinke su ba. Warƙa-warƙa ake barin su tsakanin tadarishi, a saka a gafaka, malami ya ba wannan almajiri warƙa biyu ya ba wancan uku. Don kada jeri ya rikice, mai kwafa yakan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a gindin wadda ta gabace ta. A nan jerin amana ne da ake tsarewa, domin littafin ya riga ya kammala. Kati kuwa na aikin da bai kammala ba ne.

A Turai an bi hanyoyi biyu wajen amfani da kati. Ta farko ita ce ta motsa shi. Marubucin nan Vladimir Nabokov a kan katuna yake rubuta littattafansa, yana sassauya musu wuri har labari ya zauna. Ta biyu ita ce ta Niklas Luhmann, masanin zamantakewa na Jami'ar Bielefeld a Jamus, wanda ya rasu a 1998 ya bar katuna kusan 90,000. Shi ba ya motsa kati. Yakan ba kowanne lamba ta dindindin, sannan ya rubuta a jikinsa lambobin waɗanda suke da alaƙa da shi. Ta haka kati ɗaya yake zama cikin jeri da yawa a lokaci guda, kamar yadda hadisi ɗaya ya zauna a babi 7.

Manhajojin yau sun gaji waɗannan hanyoyi. HyperCard, wadda kamfanin Apple ya fitar a 1987, ta ɗauki siffar tarin katuna masu kai mutum daga wannan zuwa wancan. Scrivener tana da allo da ake baza katuna a kai a ja su da hannu, Trello kuma tana jera su layi-layi. Obsidian, wadda ta fito a 2020, ta fi kusa da tsarin Luhmann, tana ajiye kowane bayani a matsayin rubutu zalla a na'urar mai ita, ta ƙulla shi da 'yan'uwansa.

Abin lura shi ne yadda masu neman irin wannan manhaja suke nanata cewa mai sauƙi suke so. Wasu na ganin wannan ragwanci ne ko tsoron fasaha, amma akwai dalili mai ƙarfi a bayansa. Idan jerawa ita ce wurin da hukunci yake aukuwa, to manhajar da ke tilasta wa mutum zaɓen rukuni da launi da alama kafin ya rubuta jimla ɗaya tana sa shi yanke hukunci kafin ya fahimta. Wadda kuma ke jera masa bayanai da kanta ta hanyar ƙirƙirarriyar basira ta ɗauke masa wahala, ta haɗa har da fahimtar da wahalar ke haifarwa. Mai riƙe da kati yana jujjuyawa ya rasa inda zai sa shi, a lokacin ne yake gano cewa bai gane maganar ba, ko kuwa babin da ya tsara ne bai cika ba.

Akwai masu suka daga ɗaya ɓangaren, kuma sukarsu tana da tushe. Maganar da aka yanko daga littafi aka ɗora a kati ta rabu da abin da ya gabace ta da abin da ya biyo bayanta, ana iya jera ta inda za ta faɗi abin da mai ita bai nufa ba. Malaman hadisi sun yi wa wannan shinge biyu: isnadi yana bin ruwaya duk inda aka kai ta, kuma sun yi wa yanke hadisi sharaɗin cewa abin da aka bari bai sauya ma'anar abin da aka kawo ba. Ma'aunin nan ya hau kan kati da manhaja daidai. Kowane bayani yana buƙatar wurin rubuta asalinsa, da littafi da shafi, wanda zai bi shi duk inda aka ja shi, kuma a iya fitar da bayanan gaba ɗaya cikin rubutu zalla ranar da kamfanin ya daina kula da manhajar, kamar yadda Apple ya daina sayar da HyperCard a 2004.