Lasisin Sayar da Giya: Yarda Ce Ko Takunkumi?

Wanda ya baro Kaduna ya kama hanyar Abuja, in ya ƙetare kogi ya wuce Kakuri, inda kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe masana'anta a 1963, zai iske Gonin Gora cikin Ƙaramar Hukumar Chikun. Galibin mazauna wurin Kirista ne, ana kuwa sayar da giya a fili. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi aikin ba da lasisin sayar da ita da kula da masu sayarwa. To, shin hukumar da ta ba da wannan takarda ta halatta abin da Allah Ya haramta ke nan?

Haramcin giya a kan Musulmi ba abin jayayya ba ne. Suratul Ma'ida ta yanke magana, hadisi kuma ya haɗa mai sha da mai sayarwa da mai cin kuɗinta cikin la'ana guda. Amma malaman fiƙihu ba su ɗora wannan a kan maƙwabcin da ba Musulmi ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar nan, Musulmin da ya zubar wa Kiristan amana da giyar da bai bayyana ba, sai ya biya shi. Hanafiyya ma haka suka ce, Shafi'iyya suka saɓa. Sharaɗin dai shi ne kada a bayyana ta cikin Musulmi, kada a sayar musu. Watau magabata iyaka suka shata.

Turawa ma iyakar suka bi. Bisa yarjejeniyar Burasal ta 1890 suka hana shigo da barasa Arewa, daga baya lasisi ya zama na wuraren baƙi irin su Sabon Gari. Bayan rikicin Fabrairun 2000 kuma, Gwamna Ahmed Makarfi ya tsaya a 2001 kan cewa kotun Shari'a ta Musulmi ce.

Saboda haka lasisi, in an riƙe shi da gaskiya, takunkumi ne. Da shi ake sanin mai shago da lokacin rufewarsa, da shi ake hana shi sayar wa yara, kuma abin da aka bayar ana iya ƙwacewa. Mai sayarwa a ɓoye kuwa ba shi da abin da za a ƙwace masa.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin shiga. Ranar da hukuma ta fara lissafa kuɗin lasisi cikin abin biyan albashi, ranar ta fara son shaguna su yawaita, alhali an ɗora ta ne don ta tsare su. Musulmin ma'aikaci da aka tura ya rufe shagon da ke sayar wa ɗan makaranta barasar leda, hani da mummuna yake yi. Wanda aka ba rasit aka ce ya ƙaro masu lasisi kafin ƙarshen shekara, ya fi masa ya nemi a sauya masa tebur.