Ɗana, Kada Lambar Jikin Pawa Ta Ruɗe Ka

Ɗana, ina lura da yadda ku matasan yanzu kuke haɗa kwamfutar tebur. Sai ku yi mako guda kuna gardama a kan furosesa, ku yi wata da watanni kuna tara kuɗin katin hoto, har da fitilu masu launi a cikin kesin. Sai an zo kan akwatin da ke raba wa dukkansu wuta, wanda masu gyara ke kira pawa saflai, sannan a ce wa mai shago: "Ba ni mai sauƙi, in dai zai kunna." Shi kuwa ya miƙo wani shafal, an rubuta 500W ɓaro-ɓaro a jikinsa. Ba ni aron kunnenka a kan wannan.

Aikin akwatin nan shi ne ya karɓi wutar bango mai bolt 230, ya sauke ta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3, waɗanda kayan ciki ke aiki da su. Tsarin ATX, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 1995, ya yi wa kowane layi iyaka. Layin 12, alal misali, a tsohon tsarin ba a yarda ya sauka ƙasa da 11.4 ko ya haura 12.6 ba.

To, rabu da babbar lambar, ka duba ɗan jadawalin da ke manne a gefe. Nemo inda aka rubuta +12V, ka ga amfiya nawa ne a ƙarƙashinsa, ka ninka su. In ka ga 18A, 18 sau 12 wat 216 ke nan. Ina sauran suka shiga? An cusa su a layin 5 da na 3.3, inda kwamfutar yau ba ta jan abin a zo a gani. A zamanin Pentium III daga layin 5 furosesa ke shan wuta, amma tun fitowar Pentium 4 a shekarar 2000 nauyin ya koma kan layin 12, katin hoto ma can ya bi. Da yawa daga masu ƙera na araha suna nan a kan tsohon zane, sitika kawai suke sabuntawa. Pawa mai 500W na gaskiya, layin 12 ɗinsa kaɗai yakan kai amfiya 40 ko kusa da haka.

Wannan ma in jadawalin ya faɗi gaskiya ke nan. Wasu, lambar da suke bugawa ita ce ƙololuwar abin da pawan zai jure na 'yan daƙiƙu, ba abin da zai wuni yana bayarwa ba. Wasu kuma a ɗaki mai sanyin digiri 25 suka yi awonsu, alhali kamfanonin kirki a kan digiri 40 ko 50 suke ɗaukar alkawari. Kai da ke Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda zafin Afrilu ke wuce 40 a inuwa, cikin kesin ya fi waje zafi, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka, me kake zaton ya saura daga waccan lamba? Tauye mudu ne, ɗana, irin na mai bubbuga gindin kwano ya ɗago: baki na mudu, ciki bai kai ba.

Da a ce in ya gaza shi kaɗai zai mutu, da abin ya zo da sauƙi. Pawa mai inganci yana da wani ɗan IC da ke kashe shi nan take in wuta ta haura, ko an ja fiye da ƙima, ko wayoyi sun haɗu, ko zafi ya yi yawa. Wannan kariyar na cikin abubuwan da ake fara zaftarewa don farashi ya sauka. Masu kwance irin waɗannan akwatuna don gwaji sun sha nuna gurabun da ya kamata a sa naɗin waya mai tace wuta, an haɗe su da guntun ƙarfe kawai. Wayoyin fita sirara, wasu ma alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Da masu saye suka gane na ƙwarai ya fi nauyi, har an kama wanda aka cusa wa siminti cikin wani abu mai kama da taransifoma, don a ɗaga a ji nauyi. Ranar da irin wannan zai fashe da ƙara da hayaƙi, ba mamaki ya tafi da modabod da had disk ɗinka. Modabod ana sayen wani. Furojet ɗinka na shekarar ƙarshe fa, ko hotunan bikin mutanen da suka riga suka biya ka, a wace kasuwa ake sayar da su?

Yakan yi gargaɗi kafin nan, ku ne ba ku ganewa. Kwamfuta ta riƙa mutuwa da zarar an buɗe gem ko an fara haɗa bidiyo. Ko wuta ta ɗan ƙifta, kafin UPS ya karɓa ta riga ta ɗauke, alhali tsohuwar ƙa'idar ATX ta ce pawa ya iya riƙe wuta na kusan milisakan 16 bayan ta yanke. Sai a ɗora wa Windows laifi, a yi ta fomatin. Sau da yawa kafasito ne suka kumbura. Injiniyoyi na lissafin cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba rayuwar kafasito biyu, shi ya sa mai lambar 105°C ya fi mai 85°C dacewa da ƙasarmu.

Tambarin 80 Plus da aka fara a 2004 yana da amfani, amma iyakacin abin da yake aunawa shi ne yawan wutar da ba ta salwanta ta zama zafi ba. Kuma buga sitika ba wuya ba ne, don haka nemi lambar samfurin a jerin masu ba da tambarin da ke intanet. Babban suna ma ba ya hana tuntuɓe: a 2021 masu gwaji sun nuna samfurin P750GM da P850GM na Gigabyte suna fashewa, har kamfanin ya buɗe ƙofar musanya. Bambancin shi ne akwai wanda za a riƙe. Kamfanonin kirki na ba da garantin shekara 5 zuwa 10. Na araha kuwa, garantinsa ya ƙare da an gwada maka a shago fanka ta juya.

In aljihu bai kai ba, babu abin kunya a tokumbo. Pawan asali na cikin tsofaffin Dell da HP, wanda irin su Delta da Lite-On ke ƙerawa, in ya ce 240W to 240 ɗin ce, kuma ta wadatar da aikin ofis. Sai dai ka duba fulogin, don wasu ba sa shiga kowane modabod. Ka kuma leƙa baya: in akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230, kayan da suka fito daga Amurka a kan 115 sukan zo, ka jona haka nan ko minti ba zai yi ba.

In kuma ya mutu, kada ƙarambani ya sa ka kwance shi. Babban kafasiton ciki yana iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare waya daga bango. Kai wa mai gyaran da ya san hannunsa, ko ka cire shi ɗungurungum ka sa wani.