Hanyar da Yatsa Bai Sani Ba

Karatun safiyar yau: Ishaya 42:16 da 1 Sama'ila 3:1-18

Kafin ƙarshen shekarar 2017, kowace wayar iPhone tana da ɗan maɓalli zagayayye a ƙasan fuskarta. Masu ido ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Ga makaho kuwa, shi kaɗai ne abin da yatsa ke lalubawa ya gane a kan wannan gilashi mai santsi. Duk inda ka ɓace a cikin wayar, ka danna shi sau ɗaya ka dawo gida. In ka saita shi, dannawa uku ke tayar da muryar da ke karanta maka abin da ke kan allo. A samfuran baya-baya ma shi ne ke gane zanen yatsanka, ya buɗe wayar tun tana cikin aljihu. Sai kamfanin Apple ya fito da iPhone X, gilashi daga sama har ƙasa, babu maɓallin. Wasu samfura sun ci gaba da zuwa da shi, har watan Fabrairun 2025 da kamfanin ya daina sayar da iPhone SE, ta ƙarshe mai ɗauke da shi.

Akwai wani dattijo a ikkilisiyarmu, tsohon malamin makaranta, wanda ya koyi karatun Braille a makarantar makafi ta Gindiri, wadda aka buɗe a 1953. Ya riƙe tsohuwar wayarsa gam, har batirinta ya daina kaiwa azahar, wasu manhajoji kuma suka fara ƙin buɗewa. Da ɗansa ya aiko masa da sabuwa, na je yi masa murna. Na same shi a kan tabarma, wayar a tafin hannunsa, babban yatsansa yana ta komawa ƙasan gilashin yana danna wurin da babu komai. Ya san an cire maɓallin, an gaya masa tun kafin ta iso. Yatsan ne bai samu labari ba tukuna.

Jikarsa na zaune kusa da shi, duk ta ƙosa. Ta ce, "Kaka, kawo in yi maka mana." Ya yi dariya ya ce, "Amarya, bar ni da ita. In kin yi mini yau, gobe kina makaranta wa zai yi mini?"

Ga yadda sabuwar hanyar take. Sai ya ɗora yatsa a can bakin gilashin na ƙasa, ya ja shi sama a hankali har ya ji wayar ta ɗan girgiza, sannan ya ɗaga. Ya dawo gida ke nan. In ya zarce har ta girgiza karo na biyu, ya faɗa jerin manhajojin da ke buɗe. In ya yi gaggawa, babu abin da zai faru. Buɗe wayar ma ya sauya: da yatsa ake yi a da, yanzu sai ya ɗaga ta daidai fuskarsa, shi da ya saba riƙe waya kusa da kunne. Sabuwar babbar manhajar kuma ta sauya wa wasu saituna wuri. Ya ce mini, "Malam, kamar an shiga ɗakina da dare an canja wa kowane kaya mazauni. Komai yana nan, ni ne ban san inda yake ba."

Mutanen da annabi Ishaya ke yi wa magana a wannan sura sun san zafin haka fiye da kowa. Wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, sojojin Babila suka rushe Urushalima suka ƙone Haikali. Wurin da kowane Ba'isra'ile yake komawa in ya yi zunubi, in ya yi godiya, in ya rikice, ya zama toka. Ka karanta ayar da kyau. Allah bai yi musu alkawarin mayar da su kan tsohuwar hanyar da ƙafarsu ta haddace ba. Abin da ya ɗauka a kansa shi ne jagora: zai bi da su ta inda ba su taɓa bi ba, kuma ba zai sake su a tsakiyar hanya ba. Ni a ganina alkawarin nan ya fi wuyar karɓa. Mu da yawa in muka durƙusa muna roƙo, tsohon maɓalli muke nema. A mayar mini da aikina na da, da lafiyata ta da, da gidana yadda yake kafin rasuwar nan. Ba laifi ba ne a roƙi haka, wani lokaci ma Allah yana mayarwa. Amma akwai abin da in ya tafi ya tafi, sai a ga mutum ya shekara goma yana danna wurin da babu komai.

To me ya rage wa dattijon nan da ya sani a cikin baƙuwar wayar? Murya. Tun shekarar 2009, da fitowar iPhone 3GS, ake sa manhajar VoiceOver a cikin wayoyin. Masu Tecno da Infinix da Samsung kuma suna da takwararta, TalkBack. Dokarsu duka ɗaya ce, ita ce kuma ta fi tsaya mini a rai. Mai ido in ya taɓa abu a kan allo, nan take ya buɗe. Makaho in ya taɓa, wayar faɗa masa sunan abin kawai take yi. Sai ya ji, ya tabbata shi yake nema, sannan ya ƙwanƙwasa sau biyu, abin ya buɗe. Ji ne a gaba, aiki a baya. Saƙo nawa muka tura cikin fushi wanda da an karanta mana shi da babbar murya kafin mu danna, da mun goge? Shawara nawa muka yanke a kan aure, ko bashi, ko ƙaura, sannan daga baya muka zo muna neman Allah ya sa albarka?

Muryar da ta zo da sabuwar wayar ba ita ce ya saba da ita ba. Ni ban ji bambanci ba, shi kuwa kalma biyu ta faɗa ya yamutsa fuska. Bai huta ba sai da ya lalubo saitin, ya sauko da tsohuwar muryar, ya ƙara mata sauri har ni na daina gane abin da take cewa. Daga nan ya buga yatsu uku sau uku a kan gilashin, allon ya yi baƙi ƙirin. Jikar ta zabura, "Wayyo Kaka, ta mutu!" Ba ta mutu ba. Labule ne ake saukar wa allon don kada na kusa ya leƙa, wayar tana nan tana magana a cikin duhu.

Nan labarin Eli ya shigo. Akan karanta 1 Sama'ila 3 don yaro Sama'ila, amma yau dubi tsohon. Littafin ya nuna idanunsa sun dushe har ba ya gani, maganar Ubangiji kuma ta yi wuya a kwanakin. Sama'ila mai lafiyayyun idanu ya ji kira sau uku, sau uku yana rugawa wurin da ba a kira shi ba. Tsohon da ba ya gani ne ya gane mai kiran, shi ne kuma ya koya wa yaron yadda zai amsa. Eli yana da nasa laifin, bai hana 'ya'yansa mugun halinsu ba, kuma saƙon da ya zo a daren hukunci ne a kan gidansa. Duk da haka da gari ya waye ya nace sai an faɗa masa duka, ya kuma karɓa. Sanin murya ba a dare ɗaya yake samuwa ba. Wanda bai saba buɗe Littafi Mai Tsarki ran da lafiya lau ba, da wuya ya bambance muryar Allah da ta tsoronsa ran da komai ya birkice.

Sai dai kada mu mai da makaho abin kafa misali kawai, mu rufe littafi mu tashi. Dattijon nan ya koyi jan yatsa, ya saba da ɗaga waya, amma akwai inda koyo bai isa ba. Ya buɗe manhajar wani banki, muryar ta ce ga maɓalli, ga wani maɓalli, ga wani, ba ta san na mene ne ba, don waɗanda suka ƙera manhajar ba su sa musu suna ba. Wanne ne na tura kuɗi, wanne ne na fasawa? Dole ya miƙa wa wani wayar, da lambar sirrinsa. Littafin Firistoci 19:14 ya hana sa wa makaho abin tuntuɓe, ya kuma ɗaure hanin da tsoron Allah, domin makahon ba zai ga wanda ya ajiye dutsen ba. Ba masu manhaja kaɗai ba, mu ma muna ajiyewa. Sanarwar jana'iza, ta biki, ta taron zumuntar mata, duk a hoto mai ƙawa muke tura su a WhatsApp. Wayoyin yanzu suna ƙoƙarin karanta rubutun cikin hoto, amma rubutu mai lanƙwasa a kan furanni, da Hausa kuma, sau da yawa gagararsu yake.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka san abin da aka ɗauke mana wanda hannunmu ke nema har yanzu. Ka riƙe mu a hanyar da ba mu sani ba. Ka ba mu haƙurin saurare kafin mu yi magana, kafin mu yanke shawara. Ka gafarta mana duwatsun da muka ajiye a gaban 'yan'uwanmu ba tare da mun lura ba. A cikin sunan Yesu, amin.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in za ka tura sanarwa a hoto yau, ka rubuta ranar da lokacin da wurin a ƙarƙashinsa da rubutu na zahiri. In kuma makaho ya ce ka taimaka masa da waya, ka tambaye shi abin da yake so tukuna. Kada ka karɓe ta daga hannunsa, ka faɗa masa inda abin yake, ka bar yatsansa ya kai da kansa.