Aibin da Ke Cikin Ƙira: Wa Zai Ɗauki Nauyinsa?

Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bahasi a kan hajar da aka sayar alhali tana ɗauke da ɓoyayyen aibi, hukuncinsu kuma sananne ne: wajibi ne mai sayarwa ya bayyana, mai saye kuwa yana da zaɓin mayarwa. Sai dai mas'alar takan yi tsauri idan hajar ta riga ta bazu a hannun miliyoyin jama'a, aibin kuma yana can cikin ƙirarta, inda babu maƙerin da zai kai hannu.

Haka ta auku a shekarar 1997, sa'ad da aka gano cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta samfurin Pentium, ta kamfanin Intel, takan sandare ƙam da zarar an aika mata wani gurɓataccen umarni, wanda kowa, komai ƙanƙantar matsayinsa, yana iya aikawa, ba ta kuwa farfaɗowa sai an tayar da na'urar daga farko. Masu rubuta jigon manhajar Linux, da yake ba su da iko a kan ƙarfen, sai suka yi hila: suka gitta shinge a jadawalin da ƙwaƙwalwar ke dubawa lokacin matsala, domin ta yi tuntuɓe da ƙaramin kuskuren da manhaja ta san maganinsa, kafin ta auka cikin babban. A 2018 ma, da wani aibin ƙira mai suna Meltdown ya bayyana, aka raba taswirar ma'ajiyar jigon da ta sauran manhajoji, na'urori suka rage sauri, mai saye ya biya diyyar laifin da ba nasa ba.

To, wannan rufin asiri ne abin yabo, ko kuwa taimakon algus ne? Tambayar tana da nauyi, domin a 1994, da kuskuren lissafin rabawa ya bayyana a Pentium jama'a suka yi ca, ala tilas Intel ya karɓi musanya, ya yi asarar dala miliyan 475. Inda kuwa manhaja ta share hawaye, ƙorafi yakan lafa, mai ƙira ya huta.

Duk da haka, barin bayin Allah cikin cuta don a hori kamfani ba adalci ba ne, kawar da cuta shi ne kan gaba. Sharaɗin, a ganina, guda ne: a gyara, amma kada a ɓoye. Linux kuwa ta cika shi, domin takan jera sunayen aibobin da ta sani a cikin bayanin ƙwaƙwalwar, inda mai na'ura zai karanta ya san abin da aka sayar masa.