"In Ji Wane" Ba Ta Rage Maka Komai

Ɗana, na ji an ce ka fara cin abinci da alƙalaminka. Wannan ya ba ka rubutun talla, wancan ya ba ka fassara, wata jarida ta karɓi maƙalarka ta sallame ka. Allah ya sanya albarka. To tun tafiya ba ta yi nisa ba, matso in ja maka kunne a kan kayan mutane.

Na san yadda abin yake farawa. Sha ɗayan dare ta yi, mai aiki sai kira yake, cajin waya saura ƙiris, shafi kuma fari fat. Ka leƙa intanet, ka tarar wani ya riga ya rubuta abin da kake nema tsaf. Ka kwafe, ka sauya kalma biyu ko uku, ko ka juya shi daga Turanci zuwa Hausa, ka ɗora sunanka a sama. Zuciya ta raɗa maka cewa babu mai ganewa. Kada ka saurare ta. Yatsan da ka kwafo da shi, irinsa edita zai sa ya liƙa jimla ɗaya a Google, asalin ya fito masa kafin shayinsa ya huce.

Tuna abin da ya faru a watan Satumba na 2016. Shugaba Muhammadu Buhari ya karanta jawabin ƙaddamar da shirin gyaran hali a Abuja, sai wani ɗan jarida ya gano an tsinto wani sashe nasa daga jawabin da Barack Obama ya yi lokacin da ya ci zaɓen Amurka a 2008. Fadar shugaban ƙasa ta amsa laifi, ta ce aikin wani mai rubuta jawabi ne. Dubi wanda ya yi ɓarnar, dubi wanda ya sha kunyar. Haka kake da duk wanda ya ba ka aiki: sunansa ya damƙa maka amana. Ranar da asiri ya tonu ba zai sake kiranka ba, kuma zai gaya wa na kusa da shi.

Abu biyu ne a nan, kada ka cakuɗa su. Satar fasaha ita ce ka ɗauki na wani ka ce naka ne. Ko mai shi ya shekara ɗari biyar a kabari, sata sunanta sata. Haƙƙin mallaka kuwa maganar doka ce. Dokar da Nijeriya ta yi a 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare rubutu tun daga lokacin da aka rubuta shi, ko ba a yi masa rajista ba, har shekara 70 bayan rasuwar marubucin. Marubuci Abubakar Imam ya rasu a 1981, ka ga ke nan lissafin nasa ba zai cika ba sai 2051. Fassara ma tana cikin abin da sai da izinin mai shi. Saboda haka ko ka ambaci sunan mutum, ba ka da ikon kwashe littafinsa sukutum ka sayar. Abin da aka yarda maka shi ne ɗan tsakure, tare da faɗin inda ka samo. Ilimin da ke ciki na kowa ne, ka karanta, ka rufe littafin, ka faɗa da bakinka. Hoto ma da mai shi, ganinsa a Facebook bai mai da shi ganima ba.

Dokar nan da ta hana ka, ita ce kuma take tsare ka. Ka ga dai yadda marubutan littattafan Hausa suke kuka: baiwar Allah ta kwashe wata uku tana rubutu a waya, wani ya watsa shi kyauta a WhatsApp, ko ya karanta a YouTube yana karɓar kuɗi, ita ko sannu babu. Don haka kafin ka miƙa aiki, ku yi magana a rubuce: sayar da shi ka yi gaba ɗaya, ko izinin bugawa sau ɗaya ka bayar? Sunanka zai fito ko a'a? Doka ba ta karɓar sallama haƙƙin mallaka da fatar baki. Ka adana daftarinka na farko da saƙonnin da kuka yi. In an zalunce ka, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, akwai kotu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman zaure ba sa kawo magana sai sun ce wane ya faɗa a littafi kaza, kuma hakan bai taɓa rage musu daraja ba, ƙara musu ya yi. Bahaushe ya tanadar maka kalma biyu, "in ji". Ba a sayensu, ba su da nauyi.

Rubutunka na yau zai iya zama da rauni, ba laifi, gobe zai yi ƙwari. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. In lokaci ya ƙure maka, kira mai aiki ka nemi ƙarin kwana ɗaya. Abin da ka rubuta sa sunanka, abin da ka aro sa sunan mai shi. Allah ya yi maka albarka, ya ciyar da kai da halalinka.