Ɗana, Wa Ya Biya Mai Waƙar?

Ɗana, zo ka zauna kusa da ni, ka ajiye wayar nan na ɗan lokaci, domin maganar da zan yi maka a kanta ne.

Ranar kasuwar Gadaka da ta wuce na gan ka tsaye a rumfar mai cajin waya. Ka miƙa masa memori da 'yan canji, ya cika maka shi da finafinai da waƙoƙi, ka juyo kana murmushi kamar wanda ya yi tsintuwa. Da yamma abokanka suka kewaye ka, kowa ya buɗe manhajar Xender, kafin a kira magariba abin ya shiga waya goma. Ban yi maka magana a gaban mutane ba, don ba a yi wa yaro nasiha a tsakiyar kasuwa. Amma tun ranar tambaya ɗaya take cina: cikin 'yan canjin nan, ko kwabo nawa ya isa hannun wanda ya rera waƙar?

Bari in ba ka labarin yadda muka taso. A zamaninmu ba a sauraron makaɗi hannu a rungume. Idan aka yi biki a garin nan, makaɗa suka kafa ganga, mai zakara ya ba da zakara, mai damin gero ya ba da dami, wani ya tuɓe rigarsa ya ɗora wa maroƙi, wanda ba shi da komai ya liƙa ɗan abin da ke aljihunsa don kada ya ji kunya. Haka su Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos suka rayu: sarakuna da attajirai suna ba su dawaki da riguna da motoci, talaka kuma yana ba da daidai ƙarfinsa. Babu wata doka da ta tilasta mana. Tarbiyya ce kawai: wanda ya faranta maka rai da aikinsa, ba ka barinsa ya koma gida hannu rabbana. Ku ne na farko da kuka taso kuna kwana kuna tashi da muryar mawaƙi a kunne ba tare da kun taɓa sa hannu a aljihu dominsa ba.

Sana'ar fim ɗin Hausa ma da kuɗin mai kallo ta miƙe. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, hanyar ɗaya ce: furodusa ya zuba jari, a yi fim, a kai kaset ko faifai Kasuwar Ƙofar Wambai, 'yan kasuwa su saya su rarraba zuwa Potiskum da Maiduguri da Maraɗi da Damagaram. A wajajen shekarar 2000, lokacin Sangaya da Wasila, kasuwar ta bunƙasa har dubban matasa suka samu abin yi. Tun a lokacin akwai masu buga faifan jabu, amma sai sun sayi na'ura, sun sayi faifai, sun ɗauki kaya sun shiga mota, ana kuma iya kama su. Da waya mai memori ta shigo, ko wannan wahalar ta kau. Mutum ɗaya ya sayi faifai, ya zuba a kwamfuta, ya tura wa gari guda. Kasuwar faifai ta mutu, masu shaguna da yawa suka koma wata sana'a, furodusoshi da dama suka karye.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce: Baba, ai ban ɗauke masa komai ba, waƙarsa tana nan a hannunsa. To, saurara. Ka sha zuwa kasuwar shanu ta Potiskum, wadda ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Ka ga yadda ake ciniki: dillali ya haɗa mai saniya da mai saye, ya karɓi la'adarsa, mai saniya ya ƙirga kuɗinsa ya tafi. Yanzu ka ce wani dillali ya sayar da saniyar da ba a ba shi ba, ya soke kuɗin duka a aljihu, gobe ya sake sayar da ita, jibi ma haka, mai ita yana gida yana jiran mai saye da ba zai taɓa zuwa ba. Abin da turi, wato tura fim da waƙa daga waya zuwa waya, yake yi ke nan. Ba waƙar aka sace ba, mai sayen aka sace. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada kuma kyakkyawar motar jarumi ɗaya ko biyu ta ruɗe ka har ka ce ai masu kuɗi ne. Bayan kowace fuska da kake gani akwai mutanen da ba ka taɓa jin sunansu ba: marubucin da ya kwana yana tsara labari, mai ɗaukar hoto, mai riƙe fitila, mai tace hoto, mai kwalliya, direban da ya kwashi 'yan wasa, matar da ta dafa musu abinci, da yaron situdiyo da ya haɗa kiɗa. Idan jari bai dawo ba, su ne ake fara cewa su yi haƙuri. Sau nawa ka ji tsohon ɗan wasan da ya cika gidajenmu da dariya yana kwance ba lafiya, ana neman masa taimakon kuɗin magani? Muna jajantawa, muna cewa Allah sarki, amma ba ma tambayar kanmu ina rabonsa ya maƙale.

Hukuma ta san da wannan haƙƙi. Nijeriya tana da hukumar kare haƙƙin mallaka tun 1989, kuma a watan Maris na 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta haɗa har da abin da ake ɗorawa a intanet, ta ba mai aiki damar neman a sauke kayansa daga inda aka ɗora ba da izininsa ba. A dokar, haƙƙin wanda ya tsara waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa, wato gado ne na 'ya'yansa da jikokinsa, kamar gona. Malamai ma sun duba lamarin. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, bai halatta a keta ta ba. Kai kuma tun kana makarantar allo aka koya maka cewa dukiyar ɗan'uwanka ba ta halatta gare ka sai da yardarsa. Ɗan sanda ba zai zo Gadaka ya buɗe wayarka ba, na sani. Ba tsoronsa nake so ka ji ba. Haƙƙin mutum nake jiye maka, wanda ba a yafe shi sai mai shi ya yafe.

Ba kuma cewa nake ka daina kallo ba. Masu sana'ar sun sake hanya, ka bi su ta inda suka bi. Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, tana nuna Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, masu talla suna biyan ta. Izzar So da Labarina ana samun su a YouTube, inda mai tasha yake da kaso cikin kuɗin tallan da ke fitowa a bidiyonsa. Saboda haka idan za ka kalla, nemi tashar mai fim ɗin ta ainihi, ba ta wanda ya kwafa ya ɗora ba. Data ɗaya za ka ƙona, amma a nan ta zama ladan mai aiki, a can ta zama abincin ɓarawo. Idan abokinka ya ce ka tura masa, tura masa adireshin wurin, shi ma ya kalla a can. Idan fim na biya ne kuma ba ka da hali, yi haƙuri har ka samu. Ba a taɓa kai kowa asibiti don bai ga sabon fim ba. Idan mawaƙi ya zo wasan salla Potiskum, biya kuɗin ƙofa, kada ka haura katanga.

Mai rumfar turi ma ɗana ne, kuma na san abinci yake nema, ga rashin aikin yi. Ba na zaginsa. Amma ka isar masa da saƙona: cajin waya halal ne, gyaran waya halal ne, sayar da kati halal ne. Abin da masu shi suka saki kyauta ya tura, abin da suka hana ya nemi izini ko ya bari. Kaɗan mai albarka ya fi mai yawa da kukan wani a kansa.

In kuwa wata rana Allah ya sa kai ne mai waƙar, domin na ji kana 'yan rere-rere a ɗaki, to ka tuna in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kada ka ɗauko karin waƙar Indiya ko baitin wani tsohon makaɗi ka ce naka ne, sannan ka zo kana kukan an yi maka sata. Kuma kowace yarjejeniya da mai situdiyo ko furodusa, a rubuta ta a takarda, da shaidu, komai amincinku.

Kai ɗan manomi ne, ɗana. Ka san zafin shara da huɗa da noman farko da maimai, ka san yadda zuciyar mutum take idan ya je gona da asuba ya tarar an girbe masa wake cikin dare. Ga wayarka nan, karɓa. Duba abin da ke ciki da idon manomi. Allah ya yi maka albarka, ya tsare cikinka daga gumin da ba naka ba.