Bayan Gani Ya Kori Ji

Kawuna yana zaune a Zawaciki, kusa da Fanshekara, inda aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a shekarar 2023. Shekarunsa sun doshi saba'in, kuma fiye da rabinsu ya ƙarar da su yana gyaran injuna a masana'antun Bompai da Sharada da Challawa, har ranar da aka garƙame ƙofar ta ƙarshe, aka ce kowa ya kama gabansa. Amma idan hira ta yi daɗi bayan sallar isha'i, ba ya waiwayar masaƙa ko kamfanin fata. Labari ɗaya yake komawa: ranar da motocin tsere suka ɓullo daga hamada suka shigo Kano, yana yaron gareji, har ya sa hannu a jikin ɗaya daga cikinsu.

Wani dare yana cikin bayar da shi, sai jikansa ya ɗago kai daga kan waya ya ce, “Tsoho, ina bidiyon?” Aka yi dariya, domin tsakanin jika da kaka ba a jin haushi. Shi ma Kawu ya yi murmushi, ya ce, “Ja'iri, ai lokacin ko ubanka ba a haifa ba.” Sai dai bai ƙarasa labarin ba a daren nan, kuma na lura ya daɗe bai sake ɗauko shi ba. Tun daga ranar nake juya tambayar yaron. Abin da ya faru a gaban idon jama'a, amma hotonsa ya salwanta, me ya rage masa na gaskiya? Kuma wane hakki ne mutumin da ya gani yake da shi a kan mu da ba mu gani ba?

Tseren dai an yi shi. A watan Mayu na 1974, albarkacin gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa da Jamus ta Yamma za ta karɓa, aka shirya tseren motoci daga Landan zuwa Munik, amma ta doguwar hanya: a tsallaka teku, a ratsa Aljeriya da Nijar, a taɓa Kano, sannan a juya arewa. Motocin irin waɗanda ake sayarwa kowa ne, an dai ƙarfafa su. A Aljeriya aka sami tangarɗa, domin an ƙara tsawon wata kwalta bayan an rubuta takardar da ke nuna wa direbobi hanya, saboda haka yawancinsu suka ɓace a cikin Sahara. Har shahararren direban nan na Ingila, Stirling Moss, a can tafiyarsa ta ƙare. Motoci 19 suka isa Munik, biyar kaɗai a cikinsu suka bi hanyar gaba ɗayanta. Wasu 'yan Ostireliya uku, Ken Tubman da Jim Gordon da André Welinski, su suka zo na ɗaya a cikin Citroën, mata biyu 'yan Faransa suka biyo su a cikin Fijo 504, motar da aka fara haɗawa a Kaduna a shekarar da ta biyo baya.

Kawu bai san ko ɗaya daga cikin sunayen nan ba. Bai ma riƙe shekarar ba. Abin da yake cewa shi ne, “Zamanin Audu Bako ne, shekarar da fari ya koro Buzaye, ba a daɗe da hamɓarar da Jori Hammani ba.” Da na duba, sai na tarar Seyni Kountché ya yi juyin mulkinsa ranar 15 ga Afrilu, 1974, makonni kaɗan kafin tseren. Ya kuma ce ya ga wani Bature da na'urar ɗaukar hoto a kafaɗa, shi ya sa ya sakankance cewa yana nan a cikin wani faifai a wani wuri, yana saurayi, riƙe da sifana.

Na je wani gidan talabijin neman faifan. Ma'aikacin da ya karɓe ni, dattijo mai kirki, ya kai ni wani ɗaki ya nuna mini kantoci. Ya ce tsofaffin faifai da yawa an ɗora wasu shirye-shirye a kansu, waɗanda suka rage zafi da laima sun cinye su, injin da ke kunna su kuwa ya mutu tun kafin a ɗauke shi aiki. Na tambaye shi littafin da ake rubuta abin da kowane faifai ya ƙunsa. Ya buɗe hannuwa. Ke nan ko amsar “an ɗauka” ko “ba a ɗauka ba” ta bi faifan.

Da farko na fito da fushi, ina cewa sakacinmu ne na baƙar fata. Daga baya na gane na yi gaggawar yanke hukunci. Faifan bidiyo na farko, mai faɗin inci biyu, wanda kamfanin Ampex ya fito da shi a 1956, yana da tsada ƙwarai, kuma babbar fa'idarsa a idon masu gidajen talabijin ita ce ana iya shafe shi a sake amfani da shi. BBC ta shafe ɗimbin shirye-shiryenta ta haka. Hukumar NASA da kanta ta amsa a 2009 cewa ainihin faifan da ya naɗi saukar ɗan Adam a duniyar wata a 1969, ga dukkan alamu an shafe shi an ɗora wani abu. Abin ban dariya ma, a 2013 aka sanar da gano kashi tara na wasan Doctor Who da BBC ta ɓatar, a wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos. Wato mun adana musu nasu bisa mantuwa. Mutumin da ya shafe faifai ranar Litinin don ya naɗi labaran Talata aikinsa yake yi, kuma jiya ba ta taɓa yin kama da tarihi a idon wanda ya kwana ya tashi da ita.

Saboda haka na sauke laifin daga kansa, sai na ga ya faɗo kusa da gida. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Da suka faɗi haka, ganin idon mutum suke nufi: idan ka je ka gani da kanka, ba ka bukatar mai ba ka labari. Ba su taɓa nufin a kori wanda ya gani ba. Mu ne muka ɗauki karin maganar muka miƙa wa na'ura, muka ce ita ce mai gani, dattijon da ya tsaya a wurin da ƙafafunsa kuwa ya koma sahun masu “an ce”. Da na'urar ta yi amai ta lashe, sai muka wayi gari babu ganin, jin kuma mun riga mun sallame shi.

Alhali garin nan da ji aka gina tarihinsa. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya taro labarin Bagauda da Rumfa ne daga abin da aka daɗe ana miƙawa baki da baki. Malamanmu na hadisi kuwa sun bar mana ilimi sukutum na auna mai ruwaya: shin mutumin kirki ne, shin yana da riƙo, shin zamaninsa ya haɗu da na abin da yake faɗa? Wannan ma'auni ya fi “ina bidiyon?” wahala, domin yana bukatar ka san mutum, ka zauna da shi, ka gwada maganarsa ta yau da ta bara. Na ɗora Kawu a kansa. A zamani ya ci, a siffar motocin ya ci. A adadi ya faɗi, domin yana cewa sun fi arba'in, alhali yawancinsu ba su wuce Tamanrasat ba. Shekara hamsin na maimaita labari takan sa mota ta haihu. Ba zan ɓoye wannan ba, kuma a nan faifai ya fi shi: faifai ba ya ƙara gishiri don ya burge jikoki.

Amma faifai ma yana da irin nasa son zuciya, wanda ya fi na Kawu wuyar kamawa. Baturen nan ya zo ne don direbobi. A ce yau an gano abin da ya ɗauka, me za mu gani? Mota mai lamba a ƙofa, fuska cike da ƙura, hannu yana ɗagawa. Yaron garejin, in ya fito, inuwa ce a gefen hoto. Motocin sun bi ta Agadas da Tawa a tsakiyar fari mafi muni da mutanen wannan zamani suka gani, a kan hanyar da ayarin raƙuma suka yi ɗaruruwan shekaru suna bi zuwa Kasuwar Kurmi. Kawu ya tuna cewa a makon da ake kallon motocin, akwai matan Buzaye zaune a bakin garejinsu suna sayar da zobbansu na azurfa don su sayi gero. Wannan ba ya cikin abin da aka aiko Baturen ya ɗauka.

Haka kuma dubban mutanen da jiniya ke tasa da asuba zuwa Sharada da Challawa, waɗanda yanzu ciyawa ta rufe ƙofofin da yawa daga cikin ma'aikatunsu. Ranar buɗe kamfani akan kira 'yan talabijin, a yanka kyalle. Ranar rufewa ba a kiran kowa. Abin da ya rage na wannan rayuwa yana cikin kawunan irin su Kawu, a Zawaciki da Fanshekara da Kumbotso, kuma duk shekara muna raka wasu daga cikinsu makwanci.

Na koma wurinsa da yamma, na tafi da jikan nasa. Na ce, “Kawu, ban samo faifan ba.” Ya ce, “Ɗana, na sani tun daga sallamarka.” Na roƙe shi ya sake ba mu labarin daga farko. Ya yi shiru, sa'annan ya fara: yadda salansar motar ta tsinke aka ɗaure ta da waya, yadda leɓen direban ya tsattsage har ba ya iya murmushi, yadda ya kwankwaɗi ruwan randa ƙwarya biyu bai ajiye ba. Yaron ya tambaye shi ko an biya shi. Ya ce maigidansa aka biya. Shi dai direban ya cire hular da ke kansa ya ɗora masa, ya sa ta har ta yage, mahaifiyarsa ta toshe bakin tulu da ita.